Rasuwar Dogo, Keken Malam Haladu Mai Burodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ƙwalla ba ta rage ba, Malam Haladu mai raba burodi a unguwar Ambassatna ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, Dogo.

Marigayin baƙin ƙarfe ne gaba da baya. Tun Haladu na saurayi yake ɗaukar masa kwandon burodi zuwa shagunan Dembé, damina da rani, bai taɓa cewa komai ba sai ƙiiƙ, ƙiiƙ idan an hau tudu. A bayansa aka ɗauki Zaliha, matar gidan, zuwa asibiti ranar haihuwar fari. Yana da nauyi, iyalai ba su musa ba, amma ai mutumin kirki ma da nauyinsa ake saninsa.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da Junaid, maƙwabcinsu kuma abokin sana'a, ya fito da wani keke da ƙanensa ya aiko masa daga ƙetare. Wai an yi shi da alminiyum da aka matse har ƙwayoyinsa suka fi garin tuwo laushi, wai irinsa ake nema wa jiragen sama. Da yatsa biyu Junaid ke ɗaga shi, kuma ba ya ɗagawa sai ya ga Haladu na kallo. Burodinsa ya riƙa isa da ɗuminsa, masu shago suka fara komawa wajensa ɗai-ɗai. Haladu ya ce shi abin bai dame shi ba. Zaliha ce dai ta lura ya daina cinye tuwonsa.

Ranar Talata, bayan ruwan sama, abin nan mai sheƙi ya wuce su a hanyar Amriguébé. Haladu ya miƙe tsaye a kan feda, ya nemi tsoho ya yi gudun da bai yi ba ko a ƙuruciyarsa. Dogo ya yi iya yinsa har bakin wani rami. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Ya bar ƙararrawa, da famfo, da sirdi mai faci, da maigida mai targaɗe a gwiwa.

Za a kai shi wajen maƙeran Dembé ranar Asabar da hantsi, inda za su ƙera wa Zaliha murhu da shi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar. Junaid ya aiko cewa zai zo. Iyalai sun gode, suna kuma roƙonsa don Allah ya zo a ƙasa.