Yadda Sahura Ta Ci Gidan Tsamiya da Giya ta Ɗaya

"Ba zan sauka ba, Yaya."

Da wannan kalima aka buɗe yaƙin, kuma wadda ta furta ta ita ce Sahura, sadaukiya 'yar sadaukai, 'yar Malam Nadabo wanda ya yi zamaninsa bisa keke bai taɓa faɗuwa ba sai a gaban surukansa, jikar Tanko Mai Jakai wanda ayarinsa ya keta dazuzzuka da kanwa da gishiri, tattaɓa-kunnen Barmo Sarkin Tafiya, wanda ya zaga duniya a ƙasa saboda babu dabbar da ta yarda ya hau ta. Daga wannan tsatso mai albarka ta fito, ta yi karatun aikin gona har ta ƙure shi, aka ɗauke ta malamar gona, ƙungiyar da take wa aiki ta damƙa mata babur sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Abokin karawarta shi ne wanta, Yaya Gambo, barden ƙofar gida, gwarzon da ya san sunan kowane ƙarfe a jikin babur alhali bai mallaki komai ba sai tsohon keken mahaifinsu. Ya tsaya ya miƙa hannu yana jiran makulli, yana cewa matan gidan nan goya su ake yi, shi zai riƙa kai ta duk inda take so. Kowa ya san inda babur ɗin zai riƙa yini idan ya shiga hannunsa.

Sai Inna, alƙaliyar gida, ta yanke hukunci daga kan tabarmarta ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba. Sahura ta tafi Gidan Tsamiya, inda manoma ke jiranta ta koya musu ajiyar wake. In babur ya mutu mata a hanya ko sau ɗaya, makulli na Gambo ne. In bai mutu ba, Gambo ya kama bakinsa har abada. Shi kuma ya bi ta a keke ya zama shaida.

To, akwai wani rauni a rundunar sadaukiya, kuma abokin gaba ya san shi. Ta iya tayar da babur, ta iya sa giya ta ɗaya, amma duk sanda ta nemi ta biyu sai ya yi tsalle kamar ɗan akuya ya mutu. Gambo ya karanto mata darasi yana murmushin mugunta. Ya ce ta saurari injin, in muryarsa ta hau sama ta sassauta totur, ta matse kuloci, ta ɗaga giya, sannan ta saki hannu a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sahura ta auna al'amarin da hankalin masu ilimi, ta gano cewa ajalin babur yana zaune ne tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Saboda haka ta ƙudurta a ranta ba za ta je wurin ba.

Ta murɗa totur. Injin ya kurma ihun da ba a taɓa jin irinsa ba tun da aka kafa unguwar, kaji suka watse, tantabaru suka yi hijira, matan layi suka fito da ƙwaryar jiƙaƙƙen wake suna zaton sabon injin markaɗe aka kawo. A tsakiyar wannan tsawa da girgizar ƙasa, gwarzuwa tana tafe da saurin mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Majalisar mai shayi ta miƙe gaba ɗaya. "Malama, sa giya! Za ki kashe shi!" Ba ta waiwaya ba. Gambo ya wuce ta a keke, ya tsaya ya sayi rake, ya shanye, ta iso, ya sake wuce ta. Amalanken shanu ɗauke da taki ya biyo bayanta, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, daga bisani ya ratse ya wuce, shanun suna kallonta da tausayi. Hannuwanta suka mutu da jijjigar babur, haƙoranta suka riƙa haɗuwa, zafin injin ya fara gasa mata ƙafa, wani ƙauri ya taso mai kama da na miyar da aka manta a wuta. Ta cije.

Sai ga Rafin Yashi, makabartar babura, inda gwanaye ke shigowa da gudu yashi ya shaƙe su. A nan Allah ya ɗaukaka baiwarsa, domin yashi ba ya son komai sai giya ta ɗaya, ita kuwa ba ta da wata. Ta keta shi kamar garma, ta bar wani ɗan acaɓa yana turi, ta bar Gambo da keke a kafaɗa. Marubuta tarihi sun haɗu a kan cewa da a nan tafiyar ta ƙare, da an yi mata waƙa.

Amma bayan rafi akwai miƙaƙƙiyar hanya, fetal, wadda ke kiran giya ta huɗu da babbar murya. Injin ya koma kuka kamar ana yanka shi. Gambo ya iso yana haki, murmushin nan ya gudu daga fuskarsa, don ko ba komai yana ƙaunar babur ɗin.

"Ƙanwata, don girman Allah ki sa ta biyu. Ko ya mutu na yafe."

"Inna ce ta yanke, ba kai ba."

Haka ta shiga Gidan Tsamiya cikin hayaƙi da ɗaukaka. Manoma sun daɗe suna jiyo tahowarta, sun jira, sun yi azahar, sun koma gonakinsu. Mai unguwa kaɗai ta samu a gindin bishiya, ya toshe kunnuwa da yatsu. Ta taka birki, ta matse kuloci, ta murɗa makulli da hannunta, duniya ta yi tsit.

"Ni na kashe shi, Yaya. Ka shaida."

Ya shaida. Daga nan babur bai ƙara tashi ba, duk da dukan da suka yi wa kik har la'asar. A amalanken nan na taki aka mayar da shi gida.

Ga abin da nasarar ta ci. Injin ya ƙone, yana wurin bakanike a warwatse cikin faranti. Ƙafarta ta dama ta tashi saboda ƙuna, shugabanta na wurin aiki ya yi mata faɗan da bai taɓa yi wa kowa ba, unguwa kuma ta raɗa mata suna Markaɗe. Kullum da safe Yaya Gambo ne ke goya ta a keken Malam zuwa aiki, bakinsa a kame kamar yadda aka yi alkawari, kafaɗunsa kawai ke rawa. Makullin yana ɗaure a bakin gyalenta, kuma har yau bai taɓa shi ba.