Ranar da Na Nemi Hujja a Bakin Rago

Digirina na biyu a hannun wani farfesa na yi shi, mutumin da ko gaisuwa ba ya karɓa sai da hujja. Kafin in gama na rikiɗe na zama shi. Na sayi tabarau alhali idona garau, na koyi sauke shi kan hanci, har tarinsa na ɗauko.

Ana gobe jajibirin Babbar Sallah na raka Kawu Sale, tsohon dillalin dabbobi, kasuwar Daura. Ya buɗe bakin wani rago, ya ce shekararsa biyu. Sai na sauke tabarau, na yi tarin nan, a gaban dillalai na ce, "Kawu, ina hujjarka? Wa ya rubuta?"

Kawu ya kama hannuna a hankali ya cusa a bakin ragon.

"Ga haƙoran nan, ɗana. Karanta mana."

Ragon ya datse. Ihun da na kurma dai ba farfesa ne ya koya mini ba.

Har yau, ko tuwo aka kawo mini, sai Kawu ya ce, "Ku dakata! Kun nuna wa Farfesa hujjar cewa tuwo ne?"