Wadan Tauraro Mai Jar Hula

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tura dattijo bayan gonar dawa da sunan kimiyya. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, aikin wucin gadi, aka ce mai duba malamai zai zo. Abin da ya rubuta shi zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni. Ni kuwa (da yake kaina ya daɗe yana gaya mini ni gwani ne) sai na zaɓi darasin da babu wanda ya roƙe ni: taurarin nan uku da ake kira Alfa Sentauri.

Na fito da 'yan aji filin ƙwallo. Na bayyana musu cewa abin da ido ke gani kamar tauraro ɗaya, ashe biyu ne manya irin rana, suna zagaya juna sau ɗaya a kusan shekara tamanin. Na tsayar da Bello da Sani, taku goma tsakaninsu, suka fara juyi kamar 'yan damben da ke tsoron juna. Saura na uku, wanda wada ne, ja, ba a ganinsa sai da na'ura.

Ina waiwayawa sai ga wani ɗan tsamurmurin dattijo da jar hula ya sauka daga kabu-kabu, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya ce daga Kebbe yake. Na ɗauka uban wani ɗalibi ne, don ni mai mota da babbar riga nake jira.

"Baba, don Allah taho ka zama muna tauraro," na ce, sannan na juya ga yara. "Kun gan shi? Ƙarami, ja, ba shi da wani haske, ba a ko lura da shi."

Suka kwashe da dariya, ni ma na ji daɗi, wai darasi ya shiga.

"Ina za ni tsayawa, Malam?"

"In an bi ma'auni, taku dubu biyar da ɗoriya. Amma tafi bayan gonar can, ka riƙa zagaya mu. Zagaye guda ya fi shekara dubu ɗari biyar, ba gaggawa."

Bawan Allah bai yi musu ba, ya kama hanya.

Can sai ga shugaban makaranta yana haki. "Malam, ba ka ga mai duba ba? An ce ta Kebbe yab biyo, shina sanye da jar hula."

Aji guda ya nuna gona da yatsa. Ga jar hula can nesa tana ratsa karan dawa sannu a hankali, Bello da Sani kuma ba su fasa juyi ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na ruga na durƙusa gabansa, ya kauce ya wuce.

"Bari in ida, Malam. Shekara fuɗu kawai niy yi."

Haka na bi shi, in ɓullo dama in ɓullo hagu ina ba da haƙuri, har muka kewaye makaranta. (An ce yaran sun ɗauka ni ne duniyar da ke zagaya wadan.) Sai a bakin ƙofa ya tsaya, ya ce shi ma abin da ya koyar ke nan kafin a haife ni.

"Darasinka ya yi, amma ka mance abu guda. Cikin ukun ga, wane yaf fi kusa da mu?"

Na ce, "Wadan, ranka ya daɗe. Bayan rana babu wanda ya kai shi kusa."

"To, koma ka gaya musu."

An tabbatar da ni, sai dai har yau Malam Taku Dubu Biyar ake kirana. Tun ranar, kafin in hango mai haske daga nesa, sai na gaida wanda ke tsaye kusa da ni, musamman in hularsa ja ce.