Ranar Karɓar Maganin Malam Barau

Wata ƙawata mai aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Funtuwa ce ta ba ni labarin nan, tana yi tana share hawayen dariya da gefen mayafi.

Akwai wani dattijo, Malam Barau, tsohon direban tirela da ya ajiye sitiyari. Hawan jini gare shi, kuma maganinsa na kullum ne, ba a fashi. Sau ɗaya ya taɓa yin sati bai sha ba, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, da ƙyar aka ceto shi daga shanyewar ɓarin jiki. Tun daga nan matarsa, Hajiya Tasalla, ta riƙe zancen maganin hannu bibbiyu. Duk ƙarshen wata za ta ɗauki katinsa ta je asibiti, likita ya sake rubuta maganin, ta karɓo. Shi kuwa gogan ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka asibiti ba, wai warin wurin kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya.

Ana nan sai aka canza likita. Sabon, Dakta Habibu, matashi ne mai fara'a, amma ba ya wasa da ƙa'ida. Da Hajiya ta miƙa masa katin, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Mama, wata tara ke nan ba a auna jinin Baba ba. Wataƙila ƙwayar nan ta yi masa kaɗan, wataƙila ta yi masa yawa. Ba zan sake rubutawa ba sai na gan shi da idona."

Ta ce, "Likita, shekara arba'in da ɗaya ina ganinsa kullum. Wallahi ba ka yi asarar komai ba."

Likita ya yi dariya har da buga tebur, amma bai ɗauki biro ba.

Ta koma gida, ƙwaya biyu ta rage a kwali. Ta lallaɓa Malam, ta yi masa dambun da yake so, ta tuna masa faɗuwar ƙofar masallaci. Ya cinye dambun tas, ya wanke hannu, ya ce, "Ni da na kai tirela Fatakwal ya fi sau ɗari, yaron da aka haifa jiya ne zai kira ni in je? Ki ce masa lafiyata ƙalau, ya rubuta kawai."

Washegari da hantsi Hajiya ta naɗe babbar rigar Malam da hularsa a leda, ta nufi shagon ƙaninsa, Jatau tela. Shi Jatau kamarsu ɗaya da yayansa, har gashin baki, sai dai shi mutum ne mai tsoro, ko kaza ba ya iya yankawa.

Ta ce, "Tashi ka sa rigar nan. Yau kai ne Barau."

Ya ce, "Haba matar Yaya! In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Likitan baƙo ne, bai taɓa ganinsa ba. Zama kawai za ka yi, ka miƙa hannu, duk abin da aka tambaye ka ka ce da sauƙi. Ko so kake ɗan'uwanka ya sake faɗuwa?"

Haka Jatau ya rufe keken ɗinki, ya zura riga, ya bi ta yana ta karanta addu'o'i.

Da aka kira su, likita ya miƙe da murna. "A'a, Baba, yau ka tuna da mu! Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kana samun barci?"

"Da sauƙi."

"Shekarunka nawa yanzu?"

"Da sauƙi."

Hajiya ta taka wa Jatau ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Likita ya matso kusa. Ya kama hannun hagun Jatau zai ɗaura abin awo, sai ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi katin, ya sake duban hannun.

Ya ce, "Ikon Allah. Baba, a katin nan an rubuta cewa jak ɗin ɗaga mota ya guntule maka ƙaramin yatsan hagu tun kana tuƙi. Ni kuwa biyar nake gani cif."

Zufa ta karyo wa Jatau. Ya kalli Hajiya, ta ɗauke kai tana kallon kalandar bango. Sai ya ce, "Ai... ai maganin ne yake aiki, Likita."

Ƙawata ta ce a nan ne ta juya baya tana yi kamar tana gyara auduga, don kada dariya ta tona ta. Shi kuwa likita ko gezau. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Masha Allah. To tunda jikin ya karɓi magani haka, bari mu ƙarfafa shi. Sista, haɗo manyan allurai guda uku, waɗancan na cikin akwati. Baba, hau gado, ka sassauta tazuge."

Kafin ƙawata ta motsa, Jatau ya tsige hula ya ajiye a tebur.

"Wallahi tallahi ba ni ba ne! Ni Jatau ne, tela! Shagona yana nan bayan tasha, kowa ya san ni! Ita ce ta sa ni!"

Hajiya ta ce, "Kai dai an yi ragon namiji."

Likita ya ce tunda an riga an zo, bari a auna shi ɗin ma. Aka auna, sai ga jinin Jatau ya yi sama sosai. Aka bar shi ya huta, aka ba shi ruwa, aka sake aunawa, bai sauka ba. Nan take aka buɗe masa nasa katin. Mutumin da ya shigo aron ciwo ya fita da nasa na kansa a hannu.

Sannan likita ya juya wajen Hajiya, ya daina dariya. Ya rubuta mata na kwana uku kacal, ya ce, "Mama, na san tsoro ne ya sa ki, ba mugunta ba. Amma da na rubuta magani a kan awon wannan, da Baba ne zai sha wahalarsa. Ki gaya masa, in Alhamis ta yi ban gan shi ba, zan zo da motar asibiti har majalisarsu, da jiniya, a ɗauko shi a gadon ɗaukar marasa lafiya a gaban abokansa."

Ranar Laraba tun kafin a gama share baranda, sai ga Malam Barau, fuska a murtuke, Hajiya na biye da shi riƙe da kati. Likita ya fara ƙirga yatsu, ya samu tara, sannan ya auna jini. Ya rage masa ƙwaya ɗaya, ya canza ɗaya, ya ce daga yau duk wata uku sai ya zo da kansa, sauran watannin Hajiya ta ci gaba da karɓa.

Yana rubutu ya ce, "Amma Baba, tsakaninka da Allah, me ya hana ka rako Mama ko sau ɗaya? Ga shi ba a ci ka ba."

Malam Barau ya gyara hula, ya rage murya kamar ba ta wurin.

"Yaro, ba ka yi aure ba, ko? Ranar karɓar maganin nan ita ce rana ɗaya tak a wata da take fita tun safe, ba ta dawowa sai la'asar. Ranar nake shan iska, gidan shiru, ba mai cewa tashi, ba mai cewa zauna. In na biyo ta, ina amfanin maganin?"

Likita ya danne dariya, ya ce, "Mama, kin ji abin da Baba ya ce?"

Hajiya ta karɓi takardar, ta ninke ta a hankali, ta ɗaure a bakin mayafi.

"Na ji, Likita. Kai dai tambaye shi: maganin da ake karɓa cikin minti goma, me yake zaton ya sa nake kaiwa la'asar?"