Gwaibar Uwani

A ƙauyen Rafin Dinya an yi wani mutum mai suna Nomau. Bai da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Uwani, yayarsa Tabawa kuma ita ke riƙe da gidan. Uwani yarinya ce mai kaifin kai, amma ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin malami ya gama tambaya tana bakin taga. Tabawa ta sha cewa in abin ya ƙi, za ta tura ta riƙo birni wurin kawunta. Nomau kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan magana.

Wata rana ya kai ta asibitin ƙauye. Malamar asibiti ta ce, "Malam Nomau, ba iskoki ba ne. Larura ce ta rashin tattara hankali, sai likita ya duba ta. Kafin nan ta riƙa cin abin da ke da bitamin C, kamar lemo da gwaiba. Ba magani ba ne, wataƙila dai ya ɗan taimaka. Kada rana ta yi tsaka ba ta ci ba." Washegari yana gona ya ɗaga kai ya ga rana ta kusa tsaka. Ya yar da fartanya, ya sheƙa makaranta, ya faɗa aji ana tsakiyar jarrabawa, ya tsuguna gaban Uwani yana ɓare lemo. Malamin ajin ya ce ya fita. Nomau ya ce, "Saura ɓari biyu, Malam." Yara suka fashe da dariya, jarrabawa ta watse, hedimasta ya aiko wa Tabawa da gargaɗi.

Wata rana Malamar asibitin ta ce masa in Uwani za ta yi aikin gida na makaranta, a kawar da duk abin da ke ɗauke mata hankali. Nomau ya zauna yana lura. Ta kalli rediyo, ya fitar da shi. Ta kalli kwanuka, ya kwashe. Akuya ta yi kuka, ya kai ta maƙwabta. Tabawa ta leƙo tana tambayar ina tukunyarta, Uwani ta juya, sai ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ke ma sai kin fita." Daga baya ya ga tana kallon hotunan littafin, ya ɗauke shi, fensirin ma da take tauna ya karɓe. Uwani ta wuni a ɗaki fayau tana ƙirga azara, da safe kuma ta sha bulala don ba ta yi aiki ba.

Wata rana kuma aka ce masa duk sa'ad da ta natsu, ya yabe ta nan take, kada ya bari sai an jima. Aka yi rasuwa a gidan mai unguwa, Tabawa ta tafi gaisuwa da yarinyar. Nomau na zaune cikin maza a ƙofar gida, ya hango Uwani ta zaure ta zauna shiru kusa da gwaggonta. Ya miƙe tsaye cikin masu makoki ya tafa hannu. "Madalla! Kai, yau na ji daɗi!" Ni da nake ba ku labari, har yau in na tuna sai in rufe ido. Tabawa ta dawo gida tana kuka, ta ce, "Ba yarinyar kaɗai ba ce, har da kai. Da an yi hutu za ta tafi." Nomau bai ci tuwo ba ranar.

Wata rana ya koma asibiti da lemo a aljihu duk ya yamutse. Malama ta ce, "Wannan ai ya mutu. Wanda aka tsinka yanzu aka ci nan take ya fi." To, bishiyar gwaiba mafi kusa tana can fadama, bayan tudu. Tun daga ranar, da an idar da sallar asuba sai ya tasa Uwani gaba. Ta yi gudu, ta tsallake kunyoyi, ta hau bishiya ta ci a kan reshe, su dawo a guje. Kullum sai ta makara, kullum rigar makaranta da laka. Tabawa ta ce wannan haukan ya ishe ta, ba ta ma jira hutu ba, ta sa yarinyar a motar ranar kasuwa. Uwani ta leƙo ta taga tana kiran Baba, shi kuwa yana tsaye, don an ce masa kada ya bi motar.

Da la'asar sai ga malamin ajin ya yi sallama. Ya ce, "Na zo in ji wane magani kuka samo. Kwanakin nan Uwani takan zo a makare, amma tana zama har a tashi. Jiya ta gama aikinta kaf, karo na farko." Ko gwaibar ce, ko gudun da hawan bishiyar ne, Allah ne masani. Tabawa ta zauna a kan turmi.

Nomau ya juya wajen Tabawa. "Yaya," ya ce, "a gidan kawun nata akwai bishiyar da za ta hau?"