Ranar Da Na Kai Ƙarar Banki

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko na so, shi ne ranar da na kai ƙarar bankinmu. Duk wata sai a zare dubu biyar daga albashina na koyarwa, saƙon waya kuma lambobi kawai yake nunawa. Sau biyu ina zuwa reshensu na Jimeta ana ce mini in dawo gobe. Raina ya ɓaci, na rubuta wa hukumar da ke sa ido kan bankuna takarda shafi huɗu (kalmar "ɓarayi" ta fito sau bakwai, ni na ƙirga).

Da aka sa ranar zama, sai na roƙi Bappa Hammadu ya raka ni don maganata ta yi nauyi. Dattijon unguwar Wuro Hausa ne. Shi ya ba mu ɗaki kyauta lokacin da muka gudo daga Mubi.

Ofishin tsit. Jami'ar hukumar ta karanta takardata da ƙarfi, ina gyaɗa kai. Har tebur na buga na ce, "Yau sai an nuna mini wanda ke cin gumina!"

Wakilin bankin ya turo wata tsohuwar takarda gabana. "Malam, wannan sa hannun na waye?"

Nawa ne.

"Kai ka ba da umarnin a riƙa turawa duk wata, ga sunan mai karɓa: Hammadu..."

Nan na tuna. Da Bappa ya ƙi karɓar kuɗin haya, ni na je na cike takardar da kaina. Hidimar duniya ta shafe mini ita.

Bappa ya cire hularsa a hankali. "Ashe ni ne ɓarawon, ɗana? Ni kuwa duk wata addu'a nake maka."

Jami'ar ta duƙar da kai tana gyara takardun da ba su karkace ba. Ta tambaya ko a tsayar da turawar.

"A'a, Hajiya," na ce, "a mayar da ita dubu goma."

Tun ranar na koyi bincikar kaina kafin in kira wani ɓarawo. Darasin kuwa har yau duk wata nake biyan kuɗinsa.