Yadda Kalmar Hôte Ta Kusa Raba Ni da Latifa

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma taya ni zagi, don yau duka biyun nake buƙata. Da hantsin nan saura ƙiris kalma guda ta Faransanci ta raba ni da Latifa, yarinyar da in ta yi dariya nakan yafe wa duk marubutan da suka taɓa sa ni kuka.

Wani kamfani a Yamai ne ya ɗauke ni gwaji, ina shigar masa da bayanai daga nan Filingue. Baba Ibrah, ƙanen mahaifin Latifa kuma waliyyinta, ya ce shi bai taɓa jin aikin da ake yi a kishingiɗe ba, saboda haka ba zai karɓi goron gaisuwata ba sai ya gani da idonsa. Yau ya biyo ta gidanmu zai wuce kasuwa, ya baje a kan tabarma, ya ce, "To, Yazidu ɗan lakol, ɗan boko, yi aikin mu gani."

Bari in kwatanta muku. Ordinatata, wato kwamfutata, gida ce mai baƙo. A cikinta akwai wata na'ura ta biyu, ba jiki sai rai, kamar aljana mai ladabi, kuma a nan kayan aikin kamfani suke zaune. Masana suna ce wa ta waje mai gida, ta ciki kuwa baƙo. Sai kuma VPN, wani ramin sirri da ake bi ta cikin rezo, wato layin sadarwa, har biro, ofishin kamfani na Yamai, don kada ɗan sa ido ya leƙa. Ina kunna VPN, mai gida ya faɗa rami ya ja ƙofa. Baƙo ya tsaya tsakar gida, ba hanyar fita, ba mai amsa masa sallama. Allo ya yi fari fat.

Baba ya miƙa wuya. "Wanga hwarin allo shi na aikin?"

"Yana zuwa, Baba."

"Haka anka ce muna game da titi."

Kamar kowane ɗan ƙasa nagari, na fara da zargin manya, kuma ba a kan banza ba. Kun tuna zuwan Mai Girma Sarkin Za-A-Yi da jerin motocinsa, da ya ce zai jawo mana zaren intanet har bakin rumbu? Aka haƙa rami a gefen hanya, aka yanke kyalle, aka tafa, aka ci ragonmu. Allah ya ja zamaninsa, ramin ya yi kyau matuƙa. Kwaɗin yankinmu na Kurfey ba su taɓa samun masauki irinsa ba, duk damina sai sun yi masa waƙar godiya. Zare ne dai har yau yana hanya, kuma da na tambayi wani ɗan korensa sai ya dafa kafaɗata ya ce mini da Zabarmanci, "Kala suru." Wato sai haƙuri. Mu da haƙuri ai tare aka yaye mu.

Amma gaskiya ɗaya ce, yau rezo bai yi laifi ba. Sandunansa a cike suke kamar haƙoran angon da ya ga kayan ɗaki. A zuci na hango Latifa a bayan motar wani mai ƙaton biro tana ɗaga mini hannu, ni kuma na tsufa ina rubuta wa taurari baituka. Na kira abokina Kabiru, wanda ya karanci waɗannan na'urori a Yamai, na buɗe muryar salula yadda Baba ma zai ji.

"Kabiru, ceto! Baƙo ya rasa hanya, suruki na zaune."

"Kamfani ba su ce ka buɗe hanyar rezon gida a kan hôte ba?"

"Na buɗe. Na shiga cikin baƙo na buɗe masa."

"Cikin wa? Kai Yazid, Allah shirye ka. Hôte mai gida ne!"

"Baƙo ne! Duk littattafan da na karanta, hôte shi ne wanda ke isowa a jiƙe a ba shi miya mai zafi."

"To ai duka biyun ne, malam mai soyayya. Mushe malaminku bai faɗa muku a lakol ba? Amma a ordinata mai gida ake nufi."

Baba Ibrah ya ɗaga hannu. "Tsaya. Nasara kalma guda gare shi ga mai masauki da wanda anka saukar?"

"Haka ne, Baba."

"To wa ka yanka kaza, wa ka cin ta?"

Jama'a, a nan hijabi ya yaye mini. Shekara da shekaru muna zaluntar manyanmu da zargi, ashe bayin Allah darasin lakol kawai suke bi. In sun zo garinmu su ne hôte, mu yanka musu. In mun je bironsu su ne hôte, mu tsaya bakin ƙofa har rana ta karkata. Ta ko'ina aka juya kalmar, cinyar kaza tana gabansu. Wannan ba haɗama ba ce, nahawu ne.

Kabiru ya bi da ni a hankali. Na koma wurin mai gida na gaskiya, na ce wa VPN ya bar ƙofar tsakar gida a buɗe don su riƙa jin juna. Shi kuma baƙo, da na ba shi ƙofar kansa, na mayar da shi tsarin da ake kira NAT, ya riƙa fita ta zauren mai gida, ya bi shi cikin rami duk inda ya nufa. Na yi bisimilla na danna.

Allo ya cika! Layuka suka zubo daga Yamai, sunana a sama da manyan baƙaƙe. Ban san lokacin da na rungume ordinata ba, hawaye sharɓe-sharɓe.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo takalmansa. "Aiki dai na gani, ko da ban gane shi ba. Turo manyanka da goro. Amma ka ji ni da kyau: ran da kaz zo gidana, kai na baƙo. Kada ka kawo min Faransanci."

Yana fita na ɗauki salula in yi wa Latifa albishir. Rezo ya ɗauke ƙaf, kamar an yi ruwa an shanye. Sai ga muryar maƙwabciyarmu Inna Habsa ta kan katanga: "Kwantar da hankalinka, ango. Na riga na hwaɗa ma mai hura, ita ko gidansu Latifa ta nuhwa."

Kafin in sami hulata an fara guɗa a unguwarsu. In da Masu Girma na karɓar shawarar talaka, da na ce a damƙa wa Inna Habsa sadarwar ƙasar nan baki ɗaya. Ita ba ta taɓa yankewa ba, ko ana hadari.